Takin da Na Raba

Asabar, 2 ga wata, bayan la'asar

Yau na gama rabon taki. Gida goma ban da nawa, kowane gida baro biyu, kuma ba wadda ta taya ni turi sai maƙwabciyata Matar Direba, ita ma da goyo a baya. Sauran matan ƙungiya sun jeru a inuwa suna ta yaba kyan takin, sai ka ce yabon ne zai tura baron.

Amma fa ya yi kyau. Baƙi wuluk, laushi kamar gari. Wata uku ina bin gidajensu da bokiti ina karɓar ɓawon albasa da na ƙwai da toka da kashin awaki, ina shimfiɗawa hawa-hawa a ramin bayan ɗakina, ina juyawa duk mako biyu. Dokata kowa ta haddace: ban da mai, ban da ruwan sabulu, ban da duk abin da gishiri ya taɓa. Na taɓa mayar wa Shugabar ƙungiya da kanta bokitinta saboda ta juye ragowar miya a ciki. Tun ranar suke ce mini Uwar Taki.

Tun da aka rufe hanya ba motar da ta shigo garin nan. Mai kayan miya ya kife teburinsa. Malamin gona, zuwansa na ƙarshe, gwangwanin iri ɗaya ya bar mana: alayyafo, kuɓewa, wake, tumatir. Shugaba ta raba shi biyu. Rabi an shuka yau, rabi ta kulle a akwatinta. Bayan wannan rabin babu wani iri ko'ina.

Ni nawa fangalin da ragowar takin bara na yi shi. Ba don komai ba, shi ne a kusa.

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Nawa ya tsiro reras. Na Matar Direba nan ɗaya, can ɗaya, kamar haƙoran Inna. Na faɗa wa Inna haka, ta jefe ni da mafici.

Matar Direba ta ce, “Anti, ko na binne su da zurfi ne?”

Na ce ta ba su kwana biyu. Mijinta yana can hayin da hanyar ta rufe da shi, ita kaɗai da yara huɗu. Safe da yamma tana tsugune a gaban fangalin nan.

Lahadi, 10 ga wata, da yamma

Na zaga gida bakwai. Duk abu ɗaya ne. Waɗanda suka fito sun tsaya cak, ba sa ƙara tsawo, gefen ganyen ya ƙone kamar an bi shi da ashana. Da rana ta take, wani fari-fari yana fitowa a saman ƙasar.

Na ce musu zafin rana ne, su yi rumfa da karan dawa. Na faɗa da ƙarfi, kuma suka yarda, don ni ce na faɗa.

Da na dawo na zura hannu cikin sauran takin da ke rami. Na tona har gwiwar hannu. Ko gwazarma ɗaya babu, ko 'yar tsutsa. Takin bara in ka ɗaga shebur ɗaya sai kaji sun yi faɗa a kai. Na lura da haka tun ranar da nake tankaɗe, na ce zafin ramin ne ya kore su.

Zafin ramin ne.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Na sa Inna ta riƙa rufe ƙofar tsakar gida. Kaji ne na ce.

Talata, 12 ga wata, bayan azahar

An yi taro a gidan Shugaba. Da ƙyar aka samu malamin gona a waya, maganar tana yankewa, mu duka mun kewaye wayar kamar masu jin ɗumi. Shugaba ta kwatanta masa ganyen da farin da ke saman ƙasa.

Ya ce, “Wannan alamar gishiri ce. Ku duba ruwan da kuke ba su, ku duba...” Sai layin ya ɗauke.

Na sunkuyar da kai ina gyaran ɗankwali.

Matar mahauci ce ta fara. Ta ce ai dama tun da Baba Mai Rijiya ya ƙara wa rijiyar unguwa zurfi watan jiya take jin ruwan ya sauya, ya yi zartsi. Wata ta ce ita ma sabulu ba ya yi mata kumfa. Kafin a tashi, kowace mace a wurin ta daɗe da jin zartsin nan a bakinta. Ni da wannan ruwan na sha kofi biyu da safe, ruwa ne kamar kullum.

Shugaba ta juyo ta ce, “Uwar Taki, ke me kika gani?”

Na ce, “Ruwa ba fannina ba ne.”

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce rijiyar ce ba. Ina so in rubuta wannan a nan, ban ce ita ce ba.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Baba Mai Rijiya ya zo. Shekara arba'in yana haƙa wa garin nan ruwa, bayansa ya tanƙware kamar lauje, yau ga shi yana bi gida-gida da moɗa a hannu yana roƙon a ɗanɗana. Wasu ko leƙowa ba su yi ba.

Inna ce ta buɗe masa, ta manta da maganar kaji. Ya shigo har tsakar gida, ya tsaya a kan fangalina. Alayyafon ya kai taƙi guda, kore shar, waken har ya fara neman abin kamawa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “'Yar nan, ke daga ina kike ɗebo ruwanki?”

Na ce wani lokaci ina da na randa.

“Na randar daga ina?”

Na ce ina da girki a wuta. Babu ko hayaƙi a madafar, shi ma ya gani. Ya zubar da ruwan moɗarsa a gindin waken, ya yi wa Inna sallama ya fita.

Na ji haushinsa, wallahi na ji, kuma bai yi mini komai ba.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Yayana sana'arsa fata. Yana saye wurin mahauta, ya barbaɗe da gishiri, ya tara a rumfarsa har mota ta zo ta kwasa. Da aka rufe hanya mota ba ta zo ba, fatu suka fara lalacewa, wari ya ishi maƙwabta har suka kai ƙara. Ya share rumfar kaf, gashi da kankararren nama da jiƙaƙƙen gishirin da ya yi shekaru a ƙasa, buhu shida. Ya kawo mini a amalanke da tsakar rana, lokacin da kowa ke cikin ɗaki.

Ya ce, “Auta, ke da kike da rami. Rufa mini asiri.”

Ramin kuwa a lokacin bai kai rabi ba, kuma malamin gona ya riga ya ce a gaban mata wai da wuya in tara abin da zai ishi gida goma sha ɗaya. Maganar ta tsaya mini a rai. Na juye buhunan a can ƙasa, na ce ruwan da nake zubawa zai wanke gishirin ya nutse. Bayan mako biyu na zo na juya ramin yadda na saba, na ƙasa ya koma sama. Sau shida na juya shi. Ni da na mayar wa Shugaba bokiti saboda cokali biyu na miya.

Na je wurin Yaya ɗazu. Yana zaune a rumfar, fes da ita, ba kowa.

Na ce, “Yaya, shukar mutane tana mutuwa.”

Ya ce ya ji, ai rijiya ce.

“Ka san ba rijiya ba ce.”

“Ni na san fata. Ke ce malamar taki. Kin tabbata?”

Na ce ban tabbata ba.

“To abin da ba ki tabbata ba, me zai kai shi bakinki? Kin san halin garin nan yanzu, kowa neman wanda zai huce a kansa yake. In kika ambaci sunana sai su kunna wa rumfar nan wuta. Ni na riƙe ki tun da babanmu ya rasu, Auta.”

Gaskiya ne, shi ya riƙe ni. Kuma gaskiya ne ban tabbata ba.

Asabar, 16 ga wata, da safe

Ban tabbata ba. Zafin rana ma yana ƙona ganye.

Lahadi, 17 ga wata, bayan la'asar

An yanke shawara. An ɗora katako a bakin rijiyar, an danne da dutse. Daga yau ruwan shuka daga rafi za a riƙa ɗebowa, tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa. Za a tuge matattun, a gyara ƙasa, Shugaba ta buɗe akwati ranar Talata ta raba sauran irin, ranar Asabar kowa ta shuka lokaci ɗaya.

Da wane taki? Da nawa mana. Akwai sauran kusan rabin rami.

Shugaba ta dafa kafaɗata ta ce, “Mun gode Allah da muke da ke. Da ba don takinki ba da ko tsirowa ba su yi ba.”

Aka yi mini tafi. Na yi murmushi, har na ce ba komai.

A hanyar dawowa na hangi Baba Mai Rijiya zaune a ƙofar gidansa da igiyarsa a cinya yana warware ta yana sake naɗewa. Na bi ta bayan layi.

Litinin, 18 ga wata, da rana

Na tsaya a kan fangalina da fartanya. Na ce in na sare shi, shi ke nan, nawa ma ya mutu kamar na kowa. Inna tana kan tabarma tana tsintar wake, idonta ba ya gani sosai amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ya wuce shi.

Ta ce, “Me za ki nome a wurin da babu ciyawa?”

Na jingine fartanyar.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Na ɗebi takin a kofi, na zuba ruwa, na motsa, na bari ya kwanta. Na tsoma yatsa na sa a harshe.

Ko miya aka yi wa haka sai an zubar.

Na yi haka da na bara, ɗanɗanon ƙasa kawai. Na sake da na ramin, daga wata kusurwa, sannan daga tsakiya, sannan daga can ƙasa. Sau huɗu. Na kuskure baki har ya yi zafi.

Yanzu na tabbata. Abin da nake ɓuya a bayansa ya ƙare.

Talata, da yamma

An raba irin. Kowace mace ɗan ƙulli a tsumma, bai cika tafin hannu ba. Shugaba ta kife gwangwanin ta bubbuga gindinsa don kowa ta ga babu saura. Na buɗe baki, na rantse na buɗe, sai matar mahauci ta fara ba da labarin yadda ta zame a rafi, aka kwashe da dariya, aka watse.

Akwai kwana huɗu kafin Asabar. Zan faɗa. Sai na fara yi wa Yaya magana tukuna.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Matar Direba ta zo da bokiti neman ƙarin taki, wai za ta gyara fangali. Na cika mata.

Laraba, bayan azahar

Gyara kawai za ta yi. Shuka sai Asabar, kowa ya sani. In na faɗa kafin nan sai a kwashe ƙasar a zubar, aiki ne kawai zai ƙaru, ba iri ba. Ni zan kwashe mata da hannuna.

Yaya ba ya rumfa. Matarsa ta ce ya shiga daji neman itace. Yaya da ko tsinke bai taɓa ɗauka ba.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Na kasa cin abinci. Inna ta ji kwanon bai motsa ba.

Ta ce, “Zo nan.” Na zauna a gefen tabarmarta kamar wata 'yar shekara bakwai, ni da furfura ta fara fito mini.

“Ranar da yayanki ya shigo da amalanke ina kwance a ɗaki, ba barci nake ba. Hancina kuma lafiyarsa ƙalau.”

Na ce, “Inna, to me ya sa ba ki yi magana ba?”

“Na ɗauka kin fi ni sanin aikinki. Kullum haka kike ce mini.”

Na yi kuka. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce ɗazu jikar Baba Mai Rijiya ta shigo aron turmi, ta ce kwana uku ke nan tsohon bai fita ba, an jefa masa mataccen tsiro ta kan katanga.

Na ce, “Yaya fa? Za su far masa.”

“Shi ya kawo, ke kika juye. Faɗi naki. Nashi ki bar mini, ni na haife shi.”

Ina jin tsoro. Ba dukan nake tsoro ba, kallon nake tsoro. Gobe Shugaba ta kira taron ƙarshe kafin shuka.

Juma'a, 22 ga wata, bayan la'asar

Na faɗa.

Na tafi da kofi biyu da jarkar ruwan rijiyar, wanda na ja da kaina bayan na ture dutsen. Na ajiye a gaban Shugaba, na ce ta sha wannan, sannan ta ɗanɗani wannan. Ta sha na rijiya ta haɗiye. Ta sa na takin a baki ta tofar.

Na ce, “Rijiya lafiyarta ƙalau. Takina ne. Na zuba sharar gishiri buhu shida a ramin, na sani lokacin da nake zubawa. Kada kowa ta sa irinta a ciki.”

Matar mahauci ce ta fara miƙewa, ta ce sharar gishiri daga ina, ai duk garin nan mutum ɗaya ne ke da gishiri buhu-buhu. Na ce ni na zuba, ni za a tambaya. Ta kira ni da sunaye, wasu na cancanta, wasu ƙari ne. Wata ta tuna mini kwana biyar da ta yi tana jigilar ruwa daga rafi da ciki wata bakwai.

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ranar da na tambaye ki a gaban kowa, kika ce ruwa ba fanninki ba ne.”

Na ce haka ne.

“Tashi mu je gidan Baba.”

Muka tafi, mata tara a bayana. Na durƙusa a ƙofarsa na faɗi abin da na faɗa. Ya saurara har ƙarshe, bai dube ni ba, ya ce wa jikarsa ta miƙo masa igiya zai je ya ga abin da katakon ya zubar masa a ruwa.

An ɗage shuka zuwa Talata. Za a kankare ƙasar kowane fangali a zubar bayan gari, a kawo sabuwa daga bakin rafi, a shuka haka nan ba taki. Na ce zan fara tun asuba. Ba wadda ta ce to, ba wadda ta ce a'a.

Irin dai ya tsira. Na ƙirga matan da ke wurin ina maimaita haka a raina, sai na ga mu goma ne. Matar Direba ba ta zo ba, an ce ƙaramin nata ne ba lafiya.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Na ɗauki shebur da baro na fara da gidanta. Na tafi da ƙullin irina a bakin zani, ban san dalili ba, ko kuma na sani.

Na same ta tsugune a gaban fangalin, goyo a baya, jarkar ruwan rafi a gefe, tana yayyafi da gwangwanin da ta huda wa gindi. Ƙasar a baje sumul, an ja layuka da yatsa, an kakkafa tsinke a kan kowane layi.

Na ajiye shebur ɗin.

Ta ce, “An faɗa mini jiya da yamma.”

Na ce, “Ba dai kin shuka ba?”

“Na kasa jiran Asabar, Anti. Yaran nan kullum sai sun tambaye ni yaushe. Na jiƙa waken da kuɓewar tun daren Talata. Na ninka takin ma, na ce ko na farkon ƙarancinsa ne.”

“Duka?”

“Duka.”

Na kwance ƙullina na miƙa mata. Na ce ga nawa, kuma fangalin gidana nata ne, ta aiko yara su riƙa tsinka, ni da Inna ba ma buƙata. Ina ta zuba kamar rediyo. Ba ta miƙo hannu ba, sai na ajiye a kan turmi.

Ta ce, “Abu ɗaya zan tambaye ki. Yaushe kika tabbata?”

Da na ce jiya, da ta yarda. Duk abin da na taɓa faɗa mata ta yarda.

Na ce, “Talata.”

Ta gyaɗa kai a hankali.

“Laraba na zo da bokiti. Kika cika mini, har kika danna da hannu kika ƙara.”

Yaron ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi. Sannan ta tsoma gwangwanin a ruwa, ta matsa zuwa layi na gaba, ta ci gaba da yayyafi.